Tsohuwar da Ke Amyar Baba

Gwaggo Dakta,

Da ke da injinan da kuke taƙama da su a ɗakin gwaji, akwai mai iya duban ƙudan zuma guda ya faɗa mini ko jinin wa ke jikinsa? In akwai, me ya sa ake shirin ƙona mana amya kafin a tambaye shi?

Inna tana tsaye a kaina, ta ce wasiƙar da ba ta fara da gaisuwa ba sammaci ce. To, ina gaisuwa. Ina fata kina lafiya, da Maigidan, da yaran da ban san sunayensu ba. Mu ma lafiya, ban da gwiwar Inna da ta hana ta hawa matattakala. In kin manta ni, ni ne autan ɗan baffanki mai kiwon zuma, wanda ya rasu bara waccan. Ni ne Barkono. Ke kika raɗa mini sunan, ranar da kika zo hutu na ce miki littafin da kike karantawa ƙarya yake yi. Ban kai shiga makaranta ba a lokacin, kuma ban canza ba.

Ga magana. Shekara huɗu ke nan da babbar gonar lemon da ke gangare ta shigo da zuma a manyan motoci, akwati kan akwati, wai don furen lemo ya kama. Ba wanda ya tambaye mu. Baƙuwar zuma ce, ba ta san yunwar wajenmu ba. Ga yawan ƙaura, ga fashin amyar maƙwabta, in fure ya ƙare kuma ta mace ta bar maka akwati wayam. Mazanta ba su san shinge ba. Sama suke hawa su tare sarauniyoyinmu da na daji. A ido ba ka raba 'yar ruwa biyu da 'yar gida. Na gwada da gilashin ƙara girma har idona ya yi ruwa.

Yanzu ofishin daji ya farka daga barci. Ya fito da doka: duk amyar da ke kusa da bakin daji za a gwada ta. Wadda aka samu da jinin baƙi, sai fetur da ashana. Wadda ta fita tsarkakakkiya za a ba ta takardar shaida, daga ita za a riƙa haifar sarauniyoyi ana raba wa jama'a. Ita gonar lemo kuwa tana bayan layin da suka ja a taswira da 'yan taku kaɗan. Wanda ya ja layin ya san aikinsa.

Ina da akwatuna, amma ɗaya ce ta hana ni sakat: amyar Baba. Shi ya ciro asalinsu daga kogon bishiya a tsakiyar daji tun ina rarrafe, tun daga nan uwa ke bar wa 'ya akwatin. Sarauniyar da ke ciki yanzu muna ce mata Tsohuwa, tana shekararta ta uku. Na ji ɗakin gwajinku ne ofis ke aika wa samfur, kuma layi ya yi tsawo. Ba roƙo nake ki gyara sakamako ba. So nake a gwada ta da wuri, kuma mai ido ya gwada.

Na rubuto ne don a waya kullum kina cikin taro.

Ɗanki,
Barkono

*

Barkono,

Wasiƙarka ta iso. Muna lafiya, sai Maigidan da ke fama da ƙirji, likita ya ce a sa ido. Ka ce wa Inna ta rage tsayuwa a kan mutane, gwiwar za ta huta. Ban manta ka ba. Littafin nan bai yi ƙarya ba, a kife ka riƙe shi.

Amsar tambayarka ita ce e, injin yana iya faɗi. Kowace halitta tana ɗauke da gadon iyayenta a ƙwayoyin jikinta, kuma akwai wuraren da muke dubawa inda baƙuwa da 'yar daji suka sha bamban. Ka ciro ƙafar baya ta zuma talatin daga amyar, ka zuba a ƙaramar kwalba, ka cika ta da sifirit irin na wanke rauni, ka toshe da kyau. Kada ka ba direban da ke kawo wasiƙu. Ka kai ofis su buga hatimi su aiko, in ba haka ba sakamakon ba zai tsinana maka komai ba. Zan sa a shigar da taka a gaba.

Shawara ɗaya: in za ka ofis, ka bar bakinka a gida.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Bayan gaisuwa, da yi wa Maigidan sannu da jiki. Inna ta gode da shawara, ta ce ke ma ki rage zama a kan kujera.

Na kai kwalbar. Bakin ya ƙi zama a gida, ya biyo ni.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, tebur biyu, da fanka mai juya kai kamar tana cewa a'a tun kafin ka buɗe baki. Jami'in yana zaune a ƙarƙashin taswirar. Na ce, "Ranka ya daɗe, layin nan da ya zo daidai katangar gonar lemo ya yi kwana, hannu ne ya goce ko rula ce ta lanƙwashe?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Suna."

Na faɗa.

"Lambar amya."

Na ce, "Ba ta da lamba, suna gare ta."

Ya ce, "Yau ta samu." Ya rubuta ya manna a jikin kwalbar. Sannan ya ce, "Samari, ni hatimi nake bugawa, ba ni na haifi dokar ba."

Na ce, "To ina gidan wanda ya haife ta, mu je barka?"

Matar da ke ɗaya teburin ta yi dariya, ta mayar da ita tari.

Gwaggo, ban yi jami'a ba, amma ba a jahilci nake magana ba. Akwai mai tsofaffin littattafai a bakin tasha, da kilo yake sayarwa don masu ƙunshe kaya. A wajensa na tsinci littafin kiwon zuma wanda bango da babin farko suka tafi, na cinye shi har sau ba adadi. A ciki na ga cewa namijin zuma yana iya tafiyar da ta fi nisan nan zuwa gonar lemo ya dawo kafin la'asar. To wanda ya rubuta dokar nan bai karanta ba ne, ko ya karanta ne ya ja layin? Za a ƙone na talaka a bar maɓuɓɓuga tana gudu. Kamar mai sharar ruwa ne a ɗaki bai toshe rufi ba. Na faɗa a taron ƙungiyarmu ta masu zuma, shugabanmu, wani tsohon Hedimasta, ya ce in zauna ba a ba ni dama ba. Shekara nawa da barin aji, har yanzu jira yake a ɗaga hannu.

Af, batun ƙafafun. Fure ya buɗe ko'ina, kowace ma'aikaciya a yanzu cokalin zuma ce mai fiffike, hannuna ya ƙi kashe talatin. Baba bai taɓa kashe ma'aikaciya da gangan ba. Sai na kamo maza. Ba sa harbi, ba sa ɗebo komai, sai ci da yawon rana, in fure ya ƙare ma 'yan'uwansu mata ke jefo su waje. Gida ɗaya, uwa ɗaya. Ko banza yau sun yi wa gidan aiki.

Barkono

*

Barkono,

Daga bencin asibiti nake rubuto maka. An kwantar da Maigidan, za a yi masa aiki. Ku sa mu a addu'a, ka gaida Inna.

Sakamakonka ya fito. Duk wuraren da muke dubawa, babu ɗigon jinin baƙi a ƙafa ko ɗaya. A bana ban ga amyar da ta fita fes haka ba. Na sa hannu a takardar shaida kafin in baro wurin aiki, za ta same ka ta hannun jami'inku.

Doguwar wasiƙarka ta zo. Na kai inda ka je da bakin, na ajiye. Zan ƙarasa in na sami kaina. Kada ka ji shiru ka hau fushi.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Allah ya ba Maigidan lafiya, ya sa kaffara ce. Inna kullum sai ta ambace ku. Gwiwar ta yi sauƙi, har tana zuwa bayan gida ta duba ko na yi ɓarna.

Takarda ta zo. Jami'in da kansa ya miƙo mini, yana kallon bango. Na sa ta a leda na liƙa a jikin amyar Baba, ko zuman za su iya karatu.

Ban zauna ba. Na narka kaki na yi 'yan kofuna kamar kan ɗan yatsa, na riƙa ɗauko tsutsotsin Tsohuwa na kwana ɗaya da tsinin gashin kaza ina sawa a ciki, na ba akwatin da na raba da sarauniyarsa. Marayun zuma ba su da zaɓi, duk abin da ka ba su sai su raine shi sarauniya. Zagayen farko rabi suka kama, na biyu kusan duka. Kin san ni da baki, amma hannun Baba ne da ni.

Mutane suka yi ta zuwa. Kowa tsoron gwaji yake, kowa so yake ya cire tasa da ba a sani ba ya sa 'yar mai takarda kafin layi ya zo kansa. Mai Ɗinki, wata bazawara da ke riƙe da akwatunan mijinta, ta zo ta karɓa. Mai gyaran keke ya karɓa. Ranar da na fi so ki gani ita ce ranar da Hedimasta ya zo da kansa, hula a hannu.

Ya ce, "Yaro, an ce kana rabon 'ya'ya."

Na ce, "Malam, ka ɗaga hannu tukuna."

Ya kuwa ɗaga. Wallahi ya ɗaga.

Na bi shi gonarsa. Ka'ida ce, sabuwa ba ta shiga sai tsohuwa ta fita. Ya lalubo tasa a kan saƙa, doguwa, mai natsuwa, ya riƙe ta a tsakanin yatsu biyu ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Wannan ba ta taɓa yi mini laifi ba." Na ce, "Malam, ba a san asalinta ba." Ya ce, "Haka ne." Ya matse. Ya goge yatsunsa a ciyawa, ya ce in miƙo tawa.

Yanzu kusan duk bakin dajin nan jikokin amyar Baba ne. Da yana raye, da ya ce na cika rawar kai, sannan ya fita ya yi ta ba mutane labari.

Wata biyu ke nan ban ji daga gare ki ba. Kin ce kada in yi fushi, ban yi ba. Ina dai lissafawa.

Barkono

*

Barkono,

Muna gida. An yi aikin lafiya, Maigidan yana takawa da sanda. Na gode da addu'a. Ka gaida Inna.

Ka daina ba kowa sarauniya daga yau.

Jiya na koma aiki na tarar da wasiƙarka ta ƙarshe, sannan na ciro waccan doguwar daga jakata na ƙarasa ta. Layin ƙarshe ne ya kamata ka sa a farko.

Ka natsu ka karanta. Mace a gidan zuma, ma'aikaciya ce ko sarauniya, tana da uwa tana da uba. Namiji ba shi da uba. Daga ƙwan da ruwan namiji bai taɓa ba yake fitowa, gadon uwarsa kaɗai ke jikinsa. Ita kuwa sarauniya tun tana budurwa take fita barbara, a sama, da maza goma ko fiye, ta adana abin da ta karɓa ta yi ta haihuwar mata da shi har ta mutu. Ƙafafun da ka aiko sun faɗa mana ko wace ce Tsohuwa. Ba su ce uffan ba a kan mazan da ta haɗu da su, ga shi kuma ta fita ne bayan motocin gonar lemo sun zo. Kowace 'yar da ka raba tana da uba, ba mu san ko wane ne ba.

Na koma na duba abin da injin ya fitar. A kowane wuri alama ɗaya ce maimakon biyu, ta uwa ba ta uba. Ya kamata wannan ya tsayar da ni. Hankalina yana asibiti, na ɗauka tsabar tsarki ne. Kwalabe da yawa ke zuwa, ba a duba ƙafa da ido, niƙe ta ake yi. Ban kuma rubuta maka ma'aikata ba, don a wajenmu ba a faɗa, kowa ya sani.

Dole in janye takardar. Zan rubuta cewa samfurin bai dace ba, ba zan ƙara komai ba. Ofis zai zo ya ɗebi ma'aikata da kansa, a wajenka da wajen duk wanda ka ba. Mai yiwuwa ne a yi sa'a. Kafin nan kada ka yi wa kowa dogon bayani.

Gwaggonka

*

Dakta,

Ina gaisuwa. Madalla da jin Maigidan ya tashi. Inna lafiya, sai dai ta daina fita ƙofar gida.

Na san namiji ba shi da uba. Yana cikin littafina, har layi na ja masa, har na taɓa tsokanar mai gyaran keke da shi. Sanin abu daban, tuna shi da kwalba a hannu daban. Wannan nawa ne, na ɗauka. Naki kuma kin naɗe shi a kalma huɗu, samfurin bai dace ba, wanda duk ya karanta zai ce yaron nan ne ya yi wayo.

Haka kuwa aka ce. Ba a yi sa'a ba. Jami'in ya zo da ragar fuska ta aro, ya tsaya a bakin kowane akwati yana kama masu dawowa daga fure. Sakamako bai daɗe ba, ashe layin yana gajarta in an so. Kusan rabin ma'aikatan Tsohuwa ubansu baƙo ne. Akwatunan Mai Ɗinki duka sun faɗi. Na mai keke saura ɗaya. Na Hedimasta duka.

Kin ce kada in yi dogon bayani. Na yi, gida gida. Mai keke ya ce, "Kai da ka iya karatu." Ya ci gaba da ɗaure wayar keke. Mai Ɗinki ta saurare ni ƙafarta a kan keken ɗinki ba ta tsayar ba, da na gama ta ce in matsa na tare mata haske. Hedimasta ya ba ni kujera. Na yi masa bayanin uwa da uba kamar yadda kika yi mini, ya gyaɗa kai, har ya gyara mini wata kalma. Da na tashi ya ce, "Tawa da na matse, ba a taɓa gwada ta ba ko?" Na ce ba a taɓa ba. Ya ce, "To. Da aƙalla na san me na kashe."

An sa amyar Baba a jerin na ƙonawa.

Yanzu ki bi ni a hankali, in na kauce ki gyara. Kin ce ƙafafun sun faɗi ko wace ce Tsohuwa. Kin ce babu ɗigon jinin baƙi a ko ɗaya. Ke nan ita kanta 'yar daji ce gaba da baya, uwa da uba. Ke nan duk namijin da za ta haifa har ta mutu ɗan daji ne tsantsa, komai mazan da ta haɗu da su. Su ne kaɗai a bakin dajin nan aka tabbatar za su iya hawa sama su yi takara da na gonar lemo. Dokar da aka yi don a ceci 'yar daji ita ce za ta zuba wa 'yar daji fetur, don ma'aikata kaɗai take ƙirgawa.

In haka ne, ki rubuta wa ofis. Layi biyu ya isa, kin iya gajarta magana.

Barkono

*

Barkono,

Muna lafiya. Ka ba Inna haƙuri a madadina.

Ba ka kauce ba. Tsohuwa 'yar daji ce. A duk abin da ya ratsa hannuna bana, ita kaɗai zan iya rantsuwa a kanta, kuma mazanta su ne abin da muka daɗe muna nema. Akwai hanyar da muke ɗibar irin namiji mu adana.

Na kai maganar gaban shugaban sashenmu. Ya ce doka ta ofishin daji ce, mu gwaji aka ba mu. Ya ce in na rubuta cewa sarauniyar tsarkakakkiya ce, za a tambayi yadda na sani, sai in ce mun niƙe ƙafafun maza mun ba da shaida ba mu lura ba. Daga nan duk takardar da ta fita daga ɗakinmu bana ta zama abin tuhuma, har da na mutanen da suka tsira da amyoyinsu. Ya ce in yi tunani. Ni ba ma'aikaciyar dindindin ba ce, shekara shekara ake sabunta mini, ga mai jinya a gida. Ba kuka nake kawo maka ba, yadda abin yake ne.

Ga abin da zan iya. Ka ciro ta ka sa a ɗan kejin sarauniya da ma'aikata kaɗan da ɗan zuma, ka naɗe a tsumma ka ba direban da ke kawo wasiƙu, ka ce magani ne. Muna da akwatuna a kan rufin ɗakin gwaji, zan ba ta gida. In jami'i ya zo, akwati zai ƙona, ba zai tsaya neman sarauniya ba. Na san an hana fitar da zuma daga bakin daji. Ba wanda zai sani sai ni da kai.

Ka yi sauri, kuma ka yi shiru, ko sau ɗaya a rayuwarka.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da Maigidan da yara. Inna ta ce ta haƙura, ta ce ba ta san me aka yi mata ba amma ta haƙura.

An fara daga gabas. Jiya aka yi na Mai Ɗinki. Suna zuwa da sassafe kafin zuma su fita, su toshe ƙofa da tsumma, su zuba fetur ta sama su jira. Ƙarar zuman tana hawa, sannan ta sauka. Sai a haƙa rami a tura akwatin a kunna. Kaki yana daɗewa yana ci. Mai Ɗinki ta tsaya da tef ɗin awo a wuya har aka rufe ramin, ta koma ciki. Amyar Baba ranar Litinin.

Na haɗa kejin. Na buɗe akwatin na same ta a saƙa ta uku tana zagayawa tana leƙa ramuka, na ɗauke ta ta fiffike, har na sa ta a ciki. Na tsaya da ita a tafin hannu. Daga inda nake ina hango rufin Hedimasta. Mutumin nan ya matse tasa da yatsunsa don na ce ba a san asalinta ba. Ranar Litinin zai zo ya tsaya kusa da ni a bakin rami, don shi mai zuwa jaje ne, ya dafa kafaɗata, ni kuwa na san akwatin ba kowa a ciki sai marayu, tawa tana can kan rufinku tana shan iska. Na buɗe kejin na mayar da ita.

Ki ce wauta ce. Wataƙila. Amma in ta tafi a tsumma da sunan magani, ke kin sami mazanki, shugabanki ya sami barcinsa, dokar tana nan yadda take, ni kuma na zama ɓarawon abina.

Na koma ofis. Wannan karon na bar bakin a gida, na je da tambaya ɗaya. Jami'in ya saurara har ƙarshe. Ya ce maganata ba ta da hatimi, ba zai iya ɗage ƙonawa saboda ita ba. Amma in wanda ya sa hannu a takardar ya tsaya a taron ƙungiya ya faɗa a gaban shaidu, zai rubuta ya aika sama, ya bar akwatin nan har amsa ta dawo. Ya ce, "Samari, kana tsammanin ina jin daɗin warin ne?"

Taron ranar Asabar ne da hantsi, a ajin makarantar firamare, benci na yara, sai ki naɗe ƙafa. Motar safe tana isowa kafin a fara. Hedimasta ya sa ki a jerin masu magana, ni na ce ya sa. Ban karanta wa kowa wasiƙarki ba, ba kuma zan karanta ba, batun tsumma ya mutu a tsakaninmu. Na san abin da zuwan zai iya jawo miki, ba na yi kamar ban sani ba.

Tsohuwa tana cikin akwatinta, a nan za ta kwana har Litinin. Ki zo ki tsaya a gaban jami'i, da Mai Ɗinki, da mai keke, da Hedimasta, ki faɗa da bakinki: ƙafafun me kuka niƙe, wa ya sa hannu, kuma ita wannan da za a zuba wa fetur 'yar daji ce ko ba 'yar daji ba ce? In ba za ki iya ba, ki turo shugaban naku ya tsaya a gaban allo ya gaya wa mutanen nan dalili.

Ɗanki,
Barkono